Ranar da Akuyar Nana Ta Kama Zagaye

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara matan unguwarmu a Saji, na roƙa wa kaina tonon asiri da bakina.

Ranar sunan 'yata Nana, surukata Inna ta ba ta jar akuya. Tun daga nan nake lallaɓa akuyar kamar tare na haife su (ni fa ko atishawa Nana ta yi sai na taɓa goshinta sau goma). Don kada busasshiyar harawa ta soke wa akuyar baki, sai na riƙa yayyafa wa harawar ruwa, in cusa a buhun leda in ɗaure, ta kwana biyu ta yi laushi. Ba wanda ya koya min. Dabarata ce.

Wata Talata da azahar, gari tsit, ko kaji ba sa motsi, na kwantar da Nana a tabarma gindin darbejiya. Fitowata daga madafi sai na ga akuyar ta tsinke igiya tana zagaya tabarmar. A hankali. Hagu kawai take bi, ba ta juyowa. Kanta a karkace, kunne ɗaya ya faɗi, yawu na zuba ta gefe guda, ga harawa maƙale a baki ba ta tauna ba. Ko kuka ba ta yi. Kofatonta har sun zana zobe a ƙasa, 'yata a tsakiya.

Na fizge Nana na kurma ihu, mata suka cika gida.

Na ce, "Inna, wallahi Nana aka nufa ya faɗa kan akuyarta! Wani abu aka ba ta ta ci. Duk wanda ya ba ta, Allah Ya tona asirinsa kafin la'asar!"

Suka amsa da amin. (Har sai da na harari maƙwabciyata Ladidi, Allah Ya yafe min.)

Baban Nana ya ɗauko malamin dabbobi daga Rano a babur. Malamin ya duba idon akuyar, ya buɗe bakinta, ya ce, "Ƙwayar cuta ce mai hayayyafa a ruɓaɓɓen abinci. Takan shiga ta ɗan rauni a baki, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa ta kama ɓangare ɗaya. Shi ya sa take bin gefe guda, ba ta ma san da jaririya a wurin ba. Me take ci?"

Inna ta jawo buhun ta kwance. Wari ya bugi kowa, ciki duk fumfuna.

"Wa ya ɗaure wannan?" in ji shi.

Daidai nan ladan ya kira la'asar.

Ladidi ta gyara mayafi ta ce, "Maman Nana, ke kam addu'arki ba ta ɓata lokaci."

Allurai suka ceci akuyar, amma kanta bai miƙe ba har yau. Kullum a karkace take kallona, kamar tana jiran in ba ta haƙuri. Yanzu kafin in roƙi a tona asirin wani, buhuna nake fara kwancewa.