Yadda Za Ka Haɗa Gadar Katako da Gam a Orozo

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ta kankama kana da gada. Maƙwabcina Fatihu, mai kula da fayil a wata ma'aikatar tarayya, ya gwada su a rafin da ke tsakanin gidansa da titi, bayan matarsa Bilqis ta rantse ba za ta ƙara tsallaka ruwa da ƙafa ba.

1. Guji kafinta

Kafinta tambaya gare shi. Ka kalli bidiyo a waya sau biyu, ya wadatar. Daga ranar duk wanda ya ce "Injiniya", ka waiwaya.

2. Sayo falanki sirara a Mararaba

Sirrin shi ne ka shafa wa falanki shida gam, ka jera wani kan wani har su zama gungume guda. Irinsa biyu kake buƙata. Magabata sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba su ambaci gam ba, don a zamaninsu babu.

3. Matse su

Mai bidiyo yana da ƙarafan matsi ashirin. Kai kana da maƙwabta. Fatihu ya ɗora katakon kan bulo biyu, ya sayo lemo, ya gayyaci unguwa hira. Madam Rita mai doya ta zauna a tsakiya, aka yi awa uku ana labarin tsadar mota. Da ta tashi, zanenta ya ƙi tashi.

"Oga Fatihu, wannan kujera naka yana riƙe mutum!"

Ka tanadi almakashi da zane na aro.

4. Idan ya lanƙwashe, ka ce da gangan ne

Nauyin Madam ya mai da gungumen kamar baka. Ka lanƙwasa na biyun haka, ka kifa su doro a sama, ka buga falanki a kai da ƙusa. A Maitama, unguwar masu kuɗin Abuja, kuɗi ake biya a yi wannan doron.

5. Kada ka saurari manomi

Baba Jacob, wanda gonarsa ke can ƙasan rafin, ya zagaya gadar ya ce, "Ya yi kyau. Amma me ya ɗaure shi da ƙasa?"

"Nauyinta, Baba. Kimiyya ce."

Baba ya ce to, ya saɓa fartanyarsa.

6. Buɗe gada

Bilqis ta haye da takalmi mai tsini, ko motsi gadar ba ta yi ba. Kwana tara Fatihu yana tsayawa a kai yana amsa waya.

A na goma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da suka fito, rafi na nan, gada babu. Fatihu ya bi gaɓa har gonar Baba Jacob, ya tarar da ita ta tokare tsakanin duwatsu biyu, Baba ya kafa mata turaku huɗu yana wucewa da buhun taki.

Fatihu ya duba falanki ɗaya bayan ɗaya, ya kira gida a waya cike da alfahari: "Bilqis, wallahi ko ɗaya bai ɓalle ba!"

"Madalla. Sai ka dawo ka goya ni, na makara."

Gargaɗi

Alkawarina shi ne za ka samu gada, ban faɗi inda za ta zauna ba. Ciwon baya, yagaggen zane da fushin uwargida duk naka ne. Mai ƙorafi ya same ni a gida, amma ya naɗe wando, rafin ya cika.