Yadda Za Ka Baro Ƙanƙarar Paris Ka Gaida Surukai a Lyon Ba Ka Narke Ba

Kai saurayin da ke zaune a Stains, can gefen Paris, dusar ƙanƙara ta toshe maka taga, ga surukai can kudu a Lyon suna jiran ganinka, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Dabarar nan an jarraba ta a jikin mutum mai rai, abokina Muntaka, ɗan Maraɗi mai gadin kanti a Paris, siriri kamar sillen kara. In ka bi ta daki-daki, na ba ka tabbaci za a ba ka mata, in abin ya ƙi kuma a ba ka ruwan sanyi.

Raihana Muntaka yake so, ita ma shi take so, mahaifinta Alhaji Chaibou kuma ya yarda. Uwarta Hajiya Balkisa ce ta kafe, wai ƙirjin ɗiyarta bai son sanyi, ba za ta bari a kai mata ita Paris ta yi ta tari ba. Da ƙyar ta ce a turo yaron ta gan shi da idonta, sau ɗaya tak.

Mataki na 1: Ka ji tsoron sanyi yadda ya kamata

Leƙa waje. Ka ga farin abin nan da Turawa ke ɗaukar hoto suna murna? Kada ka yarda da shi, ba ya ƙaunarka. Za a ce maka ai Lyon kudu ce, sanyinta da sauƙi. Ka ce to, amma a ranka ka tuna sai ka isa gar, tashar jirgin ƙasa, da rai kafin ka ga kudun.

Mataki na 2: Shadda a sama, komai a ƙasa

Ba a zuwa gidan surukai da manto, wato kwat ɗin sanyi, bisa babbar riga, sai ka ce mai sharar titi ya je ɗaurin aure. Saboda haka manton ciki zai shiga. Muntaka ya fara da kolan, matsattsen wandon ciki, ya ɗora wandon motsa jiki, ya ɗora wandon jins, ya zuba duk rigunan sanyin da ya mallaka, ya rufe da manto, sannan ya aro shaddar wani ƙaton Alhaji maƙwabcinsa ya lulluɓe. Da ya dubi madubi, wallahi sai da ya gaida kansa.

Mataki na 3: A cikin jirgi, kada ka cire ko hula

Jirgin ƙasa zai tashi, ƙanƙara ta yi ta janyewa daga taga, gonaki su fito, har rana ta leƙo. Kai ma za ka fara jiƙewa daga ciki. Wata tsohuwar Baturiya da Muntaka ya matse da bango ta dube shi ta tambayi lafiyarsa, “Ça va, monsieur?” Ya ce, “Ça va très bien,” ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Haka ake so. Likitoci ma, in da za su faɗi gaskiya, sai su ce zufar da kake yi kyauta wasu ke biyan kuɗi su samu.

Mataki na 4: Ka yi tsaraba a Guillotière

Sauka a unguwar ka sayi goro da dabino da turare. Mutane za su wuce ka maɓallan rigunansu a buɗe, suna shan hantsi. Rabu da su, ba aure suka zo nema ba. Masu kanti za su yi ta “Alhaji, bismilla, Alhaji, shigo,” saboda sun ga tumbi. Ka amsa da murya mai kauri, tumbin naka ne har zuwa la'asar.

Mataki na 5: Ka durƙusa, in ka iya

A nan ne Muntaka ya gane falon Hajiya ba a Faransa yake ba, a Maraɗi yake tsakiyar bazara, don ta ƙure shofaj, na'urar ɗumama ɗaki. Ya yi sallama, ya nemi durƙusawa, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Ya matsa, ya faɗi tim, tashi kuma ya gagara. In haka ta same ka, zauna nan ƙasa ka sunkuyar da kai, za a ɗauka ladabi ne.

Raihana ta leƙo daga kicin, ta zaro ido: “Muntaka, c'est toi? Kai ne?”

Hajiya ta ce, “Ke, ba kin ce siriri ne ba? Sannu ɗana, ka sha ƙanƙara. A kawo mai kunu da zahi, a ƙara citta.”

Ya sha. Ganin ya takure wuri ɗaya, sai Hajiya ta ɗauka ɗari ne, ta yafa masa bargo. Ka yi godiya, kada ka suma, suma a gidan surukai rashin kunya ce.

Mataki na 6: Alwala

Ban so mu zo nan ba, amma ba yadda za a yi. Wayar Alhaji ta kira la'asar, ya ce, “Malam Muntaka, ga bayi can, yi alwala ka ja mu salla.” Muntaka ya shiga, ya ja hannun riga, ko wuyan hannu bai fito ba, balle gwiwar hannu. Surukai dai ana iya yi musu dabara, alwala kuwa ba a yi mata. Ya tuɓe komai ya tara, ya mayar da shaddar kaɗai.

Ƙato ne ya shiga, sillen kara ya fito, riga na jan ƙasa.

Hajiya ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Ina sauran yaron?”

Raihana ta zube bayan ƙofa tana ƙyaƙyata dariya. Hajiya ta je bayi ta ga tulin kaya, ta dawo ta tsaya a kansa, fuska ba walwala. Muntaka ya tabbata ya rasa Raihana. Ya durƙusa, wannan karon cikin sauƙi, ya ce, “Hajiya, ki gafarce ni. Tsoron sanyi nake, tun zuwana ƙasar nan ban saba ba. Ɗakina ko a watan Mayu ba na kashe shofaj.”

“Mi ka ce? Har Mayu?”

“Wani lokaci har Yuni, Hajiya.”

Sai ta fashe da dariya har da hawaye, ta juya wajen mijinta. “Alhaji, a ba shi. Ni dama tsorona samarin ga masu cewa sanyi ba komai ba ne. Wanga ko zai kwana da yunwa, ɗiyata ba ta kwana cikin sanyi.”

Mataki na 7: Komawa arewa

Ka mayar da kayanka duka, ka karɓi rigar sanyin Alhaji da Hajiya za ta ƙara maka, ka ɗora. Muntaka ya isa Paris ƙanƙara na zuba, yana tafe yana yi mata murmushi kamar taɓaɓɓe.

Sanarwa

Marubucin nan ba ruwansa da ƙurajen zafi, ko yagewar shaddar aro, ko surukar da ba ta da dariya. In aka kore ka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In aka ba ka kuwa, a aiko mini da goro, kuma kuɗin shofaj na sauran rayuwarka kai za ka biya.