Gicciye Bakwai, Ƙwai Ɗaya

Ko da tsufa zai kai ni in riƙa neman carbina alhali yana wuyana, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane tun daga Salaga har Bawku su zo su kalli yadda zan kunyata kaina. Da bakina na gayyace su. Har shinkafa da wake na dafa musu.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Na shekara talatin da ɗoriya ina fataucin masara tsakanin Yendi da kasuwar Gushegu, ba wanda ya taɓa juya ni. Magana kuwa, in ana suna ko biki a Zangon Yendi, taro bai cika ba sai na ba da labari. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta yarda da baiwata ba, ƙawata Hajiya Adisa ta Salaga, wadda muka tashi unguwa ɗaya kafin aure ya kawo ni nan. Aji uku ta yi a boko tun muna yara, kuma ajin nan uku ta hana ni sakat da su har yau. Kullum maganarta ɗaya: "Ke baki Allah ya ba ki, kai kuwa sai dai a ɗaura ɗankwali." Shekara da shekaru ina neman ranar da zan mayar mata da wannan magana.

To, wata Asabar da hantsi sai ga jikata Rukaya, wadda ke kwaleji, ta shigo da abokan karatunta su huɗu. Ta ce, "Kaka, za mu zauna gindin mangwaro mu yi birenistomin."

Na ce, "Birnin wa?"

Ta yi dariya ta warware min. Malaminsu ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ƙirƙiro wani abu na kansa, wasa ko waƙa ko zane, a nuna gaban jama'a ƙarshen shekara, a kuma ba da maki a kai. Birenistomin ɗin kuwa, wai kowa ya zubo abin da ke kansa, a rubuta duka, ba a kushe na kowa. Na ce ashe hira ce aka sa wa takalmi.

"Kaka, don Allah ki bar mu mu yi da kanmu," in ji ta.

Na ce ni ina ruwana, wake zan tsince. Na ɗauko farantin wake na zauna can nesa da su (taku uku, in za a faɗi gaskiya).

Suka manna wata faffaɗar takarda a bangon kicin. Wani ɗan Bawku mai suna Awini, yaro mai sanyin murya, shi ke riƙe da alƙalami. Akwai kuma Fuseini, dogon ɗan Dagomba mai yawan dariya, wanda da shigowarsa ya durƙusa ya gaishe ni da irin Hausarsu ta yanzu: "Kaka, ka kwana lafiya?" Na ce ni mace ce, amma lafiya lau.

Sai aka fara zubowa. Fuseini ya ce a yi waƙa a kan ledar ruwa da ke toshe kwata. Awini ya rubuta, kowa ya ce "Yawwa!" Wata yarinya ta ce su sa kwali a ka su yi rawa kamar inji. Aka rubuta, "Yawwa!" Wani ya ce a ɗauki hoton akuyoyin unguwa a sa musu murya. Wallahi aka rubuta. Na daure, na cije, na tsince waken nan sau biyu. Da na ji an fara maganar yadda akuya za ta yi Turanci, sai na gyara murya.

"Ba wai ina sa baki ba ne," na ce, "amma ku da kuke da tarihi, me ya kai ku ga akuya?"

Rukaya ta dafe kai. Awini kuwa, yaron kirki, ya ce ai doka ta ce ba a hana kowa. Shi ke nan, ya buɗe min ƙofa.

Na ba su labarin kakana madugu, yadda ya shigo Salaga da ayarin jakuna ɗauke da goro, da yadda ya san kowace rijiyar garin da ɗanɗanon ruwanta. Awini ya rubuta. "Yawwa!" Na ji wani daɗi ya ratsa ni, don tun da nake ba a taɓa rubuta maganata a takarda ba. Na ce, ba wai ina sa baki ba ne, amma a kawo jaki na gaske kan dandamali, na san mai ba da aro. Aka rubuta. Na ce a nuna yadda na kori ɓarawon masara a Gushegu da muciya, har ya faɗa cikin kwandon barkono. Aka rubuta. Na kawo ɗaurin ɗankwali iri biyar, na kawo waƙar da aka yi min ranar aurena (na rera musu ita har ƙarshe, tana da ɗan tsawo), na kawo shawarar Rukaya ta fito a matsayina ina budurwa, in dai za ta ɗan ƙara kyau. Ta bakwai ma na manta ta, amma na san mai kyau ce. Ban iya karatu ba, amma ido gare ni: na ga inda Awini ya jera nawa a gefen dama, bakwai cif.

Can sai suka koma Turanci suna ƙus-ƙus. Awini ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, duk suka fashe da dariya, Fuseini har da birgima a tabarma. Aka rubuta ta a can ƙasan takarda. Sannan Awini ya ɗauko jan alƙalami ya bi nawa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu gicciye. Wasu na yaran ma sun samu, amma ni kaɗai ce nawa suka samu duka. Tasa maganar kuwa, ta ƙasan nan, sai ya zagaye ta da da'ira.

Yanzu ku tsaya ku ji ni kafin ku yi dariya. A kasuwar hatsi, in mai saye ya duba buhu ya yaba, gawayi yake ɗauka ya yi masa gicciye. Buhun da aka yi wa gicciye an saye shi ke nan, ba mai taɓa shi. Da'ira kuwa na san ta sarai, don na raini 'ya'ya da jikoki 'yan makaranta: ƙwai ne, wato sifiri, wanda malam ke zana wa daƙiƙi. To ku gaya min, wace mai hankali ce za ta karanta takardar nan ta wata hanya? Nawa bakwai an saye, na Awini ya ci ƙwai, har abokansa na yi masa dariya.

Tausayinsa ya kama ni. Da na kawo musu koko da ƙosai, na ƙara masa ƙosai, na dafa kafaɗarsa na ce, "Kada ka damu, ɗana. Ba kowa Allah ya ba kai ba."

Fuseini ya ƙware da koko.

Ko faranti ban wanke ba na kira Adisa a waya. Na ce, "Hajiya mai aji uku, kwaleji ta sayi kaina, buhu bakwai. Ki shirya ki zo ki gani da idonki." Na kira ƙanwata Memuna da ke aure a Bawku, na ce ta zo da duk wanda mota za ta ɗauka. Matan unguwa kuwa, ko gaisuwar mutuwa na je sai na san yadda na saƙa zancen.

Don kada in ɗauki alhakin Rukaya, ta yi ƙoƙarin gaya min. Sau uku. "Kaka, wasan nan fa ba..." Na ce na sani, ba a taɓa yin irinsa ba. "Kaka, gicciyen nan da kika gani..." Na ce yarinya, ina gicciye kafin a haifi uwarki. Na ukun ta ce, "Kaka, ki bari in ƙarasa magana," na ce to ƙarasa, sai kuma na tuna ban gaya mata sunan jakin kakana ba. Da ta zo aron zanena mai ruwan ganye da ɗankwalinsa da maficina, har da farantin wake, na ba ta da hannu biyu. Na ɗauka na matar madugu ne. (Me matar madugu za ta yi da farantin roba, ban tambayi kaina ba.)

Ranar ta zo. Bayan azahar muka shiga zauren kwalejin mu goma sha wani abu, na sha leshi, turare na tashi. Kujerun gaba an ajiye wa manya, na ce ai mun iso. Adisa a damana, Memuna a haguna.

Da aka kira rukunin su Rukaya, sai ga ɗalibai huɗu a kan tabarma, da takarda manne a bango. Ba jaki, ba goro. Adisa ta kalle ni. Na ce, "Shimfiɗa ce, ayarin na tafe."

Sai wata doguwar tsohuwa ta fito da faranti, ta zauna nesa da su, tana jan kujera kaɗan-kaɗan, tana miƙa wuya kamar zabuwa, har ta tsinci kanta a tsakiyarsu. Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da hawaye. Na ce da ƙarfi, "Kai, akwai irinsu! Sak wata tsohuwa ta bayan masallacinmu, ba a magana biyu ba ta sa ta uku ba."

Adisa ta ce, "Ni zanen nake kallo."

Na ce, "Irinsa ya cika kasuwa."

Memuna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

A kan dandamali yaran suka fara maganar akuya, tsohuwar ta gyara murya, zaure ya yi tsit ana jira. Ni kuma a daidai nan na ga ayarin ya yi jinkiri ƙwarai, na karkata wajen Adisa don in yi mata bayani. Muryata ba ta san raɗa ba, kowa ya sani. Sai bakina da bakin tsohuwar suka buɗe tare, kamar an ƙirga mana:

"Ba wai ina sa baki ba ne..."

Jama'a, na ji maganata ta fito ta wuri biyu. Duk zauren ya juyo. Suka dubi dandamali, suka dube ni, suka sake duban dandamali. A nan na ga ƙafar tsohuwar, ƙatuwar ƙafa mai gashi. Fuseini ne. Cikin zanena, da ɗaurin ɗankwalina na uku, yana fifita da maficina. Ashe abin da Awini ya faɗa ranar nan shi ne su yi wasan ranar da kanta, yadda wata kaka ta hana su sakat. Shi aka zagaye, don shi aka zaɓa.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a tasha. Na so kujera ta haɗiye ni. Na sunkuyar da kai na ce a raina, daga yanzu har a tashi ko tari ba zan yi ba. Na kuwa riƙe, har aka wuce jaki, aka wuce waƙar aure (ya ɓata ta), aka zo inda ya dafa Awini ya ce "Ba kowa Allah ya ba kai ba," Adisa ta danƙe min cinya tana neman numfashi. Duk na shanye. Amma da Fuseini ya koma kan labarin Gushegu ya ce wai na kori ɓarawo da ludayi, ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Muciya! Muciya ce, ɗan nema! Wa ke korar ɓarawo da ludayi?"

Fuseini bai ko girgiza ba. Ya dube ni ya ce da muryata, "Hajiya, ba wai kina sa baki ba ne." Zaure ya tashi tsaye da tafi.

Da aka gama, malaminsu ya ce abin da ya fi burge shi shi ne dabarar dasa 'yar wasa cikin 'yan kallo, ya tambayi ko sau nawa na yi gwaji. Rukunin su Rukaya ne ya zo na ɗaya. Ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri tana dariya, ta bayyana min cewa a makaranta gicciye sokewa ne, zagaye kuwa zaɓi. Na ce to makarantar ce ke juye, ba ni ba.

Adisa ta kwana biyu a gidana tana cin shinkafata. Da za ta hau mota ta ce, "Gaskiyarki, Hajiya, kwaleji ta saye ki. Sai dai bakin suka saya, kan suka bar miki ki ci gaba da ɗaura ɗankwali."

Abin da na koya shi ne, in ka ga an yi wa kayanka alama, tambayi mai gawayin me yake nufi kafin ka kira Salaga. Kuma yanzu in Rukaya ta fara magana ina barinta ta kai ƙarshe, ko dai kusa da ƙarshe. Zanen ma ban karɓa ba, na bar wa Fuseini. Ba wai ina sa baki ba ne, amma ɗaurinsa har yanzu a karkace yake.