Ranar da Kwamfuta Ta Auna Gero

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tsaya gaban iyayen yara riƙe da kwamfutar hannu ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. A wani ƙauye ne kusa da Kunci, inda aka tura ni koyarwa bayan na gama digiri. Iyaye sun yi ƙorafi wai kallon fim kawai muke yi da ita, sai hedimasta ya kira su: in sun gamsu mu ci gaba, in ba su gamsu ba a kulle ta a kabad.

Na yi shiri sosai (wataƙila ma ya yi yawa, don har kujerun da ba kowa na gwada wa darasin). Don in burge manoma, na ɗauko misalin gida: kwano nawa ne a buhun gero? Na auna kwanon awo da rula, faɗi da zurfi, na auna buhu, na zuba wa manhaja.

"Kamar dai... ina jin hamsin da biyu ne," na ce.

Sai Malam Sale, wanda yake awo a kasuwar garin tun ban zo duniya ba, ya gyara zama.

"Malam, a wace kasuwar?"

"Ai ba ni na faɗa ba, Baba, na'ura ce."

"To, a gaishe ta. Ku jawo buhun."

Ya durƙusa, ya ciko kwano har ya yi tudu, ya tare gefe da hannu, ya juye a tabarma. Ɗalibaina, waɗanda kullum sai na roƙe su kafin su buɗe baki, suka shiga ƙirge da murya ɗaya. A arba'in gero ya ƙare. Ashe ni iyakar bakin kwano na auna, sai ka ce ruwa ake sayarwa.

"Na'urar taka marowaciya ce," in ji Malam Sale. "In ta kawo awon nan kasuwa, da tsintsiya mata za su raka ta."

Na fara cewa wataƙila dai batun sabis ne. Hedimasta ya taka mini ƙafa.

Bayan an gama dariya, Malam Sale ya yanke hukunci: "A bar ta, baƙuwa ce, za ta koya. Mai riƙe da ita ne sai addu'a."

Ta tsira, ni na mutu. Darasin da na samu kuwa: kwamfuta ba ta ƙarya. In ka zuba mata jahilcinka, cif za ta mayar maka da shi, cikin sauri, a gaban jama'a.