Wanda Ya Fara Bugo wa Rediyo Zaure Waya

Da gidan Rediyo Zaure ya tashi bikin tuna ranar kafuwarsa, sai aka ce za a karrama mutumin da ya fara bugo waya a tarihin tashar, a kira sunansa duk gari ya ji. Nan fa Malam Ilu mai gyaran keke ya ce ai shi ne, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai bar wa kowa wannan matsayi ba. Ni da na san tashar tun tana ɗan shago a bayan kasuwa, da eriya ɗaure a jikin gora, na san dattijon yana da gaskiya. A lokacin, in ka wuce bakin tashar mota ba abin da za ka ji a rediyo sai shuuu. Shagon Ilu kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da su.

Ranar biki ya sha babbar riga, aka shigar da shi ɗakin watsa shiri, aka zaunar da shi gaban Alhaji Tanimu, tsohon mai gabatarwa, mutumin da in ya fara yabon kansa sai an ɗauke wuta yake tsayawa. Tanimu ya yi ta zuba, wai tun ranar farko gari kaf ya kasa kunne, har mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Da ya juyo kan Ilu, maimakon karramawa sai ya so ya ba shi kunya. Ya ce ya tuna kiran sarai, amma ba ya jin za a lissafa shi, domin mai kiran ya ƙure muryar rediyonsa, ƙara ta cika musu kunne har suka katse layin.

Raina ya ɓaci, don na ji ana neman muzanta Ilu duk gari na saurare.

Tanimu ya ce, "Malam Ilu, roƙon duniya na yi maka ka rage muryar rediyonka, ka ƙi. Faɗa wa masu sauraro dalili."

Ilu ya gyara hula, ya matso da bakinsa kusa da abin magana, ya ce, "Alhaji, tausayinku na ji. Ran nan duk garin nan rediyona kaɗai ke kama ku. In na rage, da wa za ku yi magana?"