Yadda Za Ka Haɗa wa Maiɗakinka Kwamfuta Ba Tare da Ka Haɗa Komai Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo za a riƙa kiranka Injiniya a gidanku, ko da ƙwan fitila ba ka iya sauyawa. An gwada, an ga aiki. Kar ka tambaye ni wa ya gwada.

1. Ka raina ta kanti

Maiɗakinka ta samu aikin buga wa ɗalibai takardun kammala karatu, ranar Litinin za su fara kawowa. Ta ce, "Baban yara, don Allah ka samo min kwamfutar tebur mai sauƙin kuɗi, haɗaɗɗiya, in jona kawai in fara aiki."

Kar ka amsa da wuri. Yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau, ka ce, "Haba! Ta kanti? Ai kwali kawai ake sayar wa mutane. Ni zan haɗa miki da hannuna." Ka tabbata yayanta yana falo a lokacin, don cika bakin da ba shaida asara ce.

2. Ka yi karatu mai zurfi

Bidiyo biyu a waya sun isa. Na ukun ɓarnar data ce.

3. Ka baje kaya a teburin cin abinci

Sayo sassan daban-daban: akwatin, fanka, wayoyi, da koren faifan nan da ake jera komai a kai. Kori kowa, ka ce abin ba ya son hayaniya. In wani abu ya ƙi shiga raminsa, taurin kai ne, danna shi. In ka ji ƙas, ya shiga ke nan, ko kuma ya karye. Masana sun yi saɓani a nan.

Danna maɓalli. Shiru. Sake dannawa. In ka ji ƙaurin roba, buɗe taga da sauri, ka ce maƙwabta ne ke ƙona shara.

4. Ka koma kantin da ka raina

Yau Asabar, hankalinka ya tashi, kuma ya kamata ya tashi. Girman kai rawanin tsiya. Lallaɓa ka sayi haɗaɗɗiyar nan mai araha. Mai kanti zai nuna maka wata 'yar sitika a bayanta ya ce, "Yallaɓai, in ta samu matsala cikin shekara, ka kawo mu gyara kyauta, muddin ba a ɓalle wannan ba."

Ka ce to. Shigo da ita gida lokacin da maiɗaki ta kai yara makarantar yamma.

5. Ka ɓatar da sawu

Ɓalle sitikar. Kankare sunan kamfanin da cokali. Kwance murfin, ka ɗan jajjawo wayoyin ciki don su san hannunka, ka mayar. Bar kusoshi biyu a kan tebur, ka ɗaura filasta a yatsa. Idan aka kunna, sunan kamfanin zai fito a allo na ɗan lokaci. Nan ne za ka gitta ta gabansa kana miƙa.

6. Ka sha yabo

Yayanta zai zagaya teburin ya ce, "Kai, ashe da injiniya muke zaune ba mu sani ba!" Sunkuyar da kai ka ce, "Ɗan abin da aka taɓa ne." Wallahi daɗin wannan ranar ba ya misaltuwa. More shi sosai, kwana goma ne.

7. Ranar da ta ƙi tashi

Takardun ɗalibai bakwai na ciki, gobe za su zo karɓa. Maiɗaki ta tsaya a kanka, idonta ya kawo ruwa. Ka zagaya kwamfutar sau uku da sukundireba. Ba za ta tashi ba, ai ba tsoronka take ji ba.

"Ɗauko ta mu je," in ji ta. Kuma kantin nan za ta nufa, shi ne mafi kusa.

Mai kanti zai dubi gurbin sitikar, ya dube ka. "Wa ya buɗe ta?"

"Maigidana ne ya haɗa ta da hannunsa," in ji ta.

A nan ka ƙura wa silin ido. Mai kanti zai yi gyaran murya, ya tura wata waya da ta saki, allo ya kawo haske, takardu na nan lafiya. "Sannu da ƙoƙari, Injiniya," zai ce, ya karɓi kuɗin gyara cif.

8. Hanyar gida

Kai ke rungume da kwamfuta, kana haki, kana hamdala asiri ya rufu. Sai ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba, "Baban yara, kwalin da ka tura ƙarƙashin gado, ni nake share wurin kullum. Na ga kana murna ne na ƙyale ka. Ni ba injiniya na aura ba, kai na aura. Amma in ka sake taɓa ta, da hannu za ka rubuta wa ɗaliban nan takardunsu."

Ba ni da mataki na tara. Ni ma a nan dabarata ta ƙare.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da ƙaurin roba, ko yatsan da ya yanke, ko kallon da mai kanti zai riƙa yi maka duk ranar da ka wuce. In yayanta ya aiko a haɗa masa tasa, ba mu taɓa haɗuwa ba.