Benen da babu shi a Tanda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa hana wata baiwar Allah magani saboda bene. (Eh, bene, gidan sama. Ku ɗan yi haƙuri, bayani na tafe.)

Lokacin ban daɗe da karɓar difulom ɗin likita ba, aka turo ni asibiti a Gaya. Sai labari ya zo cewa wata Furofesa ta ciwon zuciya za ta zo daga Yamai, ta zaɓi waɗanda za a dasa wa wata na'ura a ƙirji. Pil ce, wato batirin daidaita bugun zuciya, amma ba irin wadda aka saba ba. Wannan tana sa ɓangarorin zuciya su riƙa matsawa tare, maimakon ɗaya ya riga ɗaya. Damuwar ita ce ba kowace zuciya ke amsa ta ba. Wani a dasa masa ya miƙe, wani kuwa yana nan yadda yake. Ga na'urorin ƴan kaɗan. Ni aka ba aikin shirya dosiye, wato takardun bayanin kowane mara lafiya, in nuna wa ake kyautata zaton za ta yi wa amfani.

Ni dai mutum ne mai tsoron kuskure. Ordinans ɗaya, takardar rubuta magani, sai in karanta ta sau uku kafin in sa hannu. Saboda haka na ɗauko takardar tambayoyin da muka koya a jami'a, da Faransanci, na mai da ita Hausa ban canza ko ɗigo ba.

Cikin marasa lafiyar akwai Inna Salamatu daga Tanda, wadda zuciyarta ta buɗe ta yi rauni tun haihuwarta ta ƙarshe.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, likita."

"Kina haki in kin hau bene hawa biyu?"

"A'a."

"Hawa ɗaya fa?"

"A'a, likita."

Ekografi, wato hoton zuciya, ya nuna zuciya mai rauni ƙwarai, zanen bugunta ma bai yi kyau ba. Amma takarda ta ce wanda ba ya haki bai kai ga na'ura ba tukuna. Na rubuta: "Da alama, ko da yake ba tabbas, mai yiwuwa ba za ta ƙaru da ita ba a yanzu." (Har alfahari na yi da wannan jimla.) Na sa dosiyenta can ƙasa.

Ranar da Furofesa ta zo, ɗakin ya cika: majo shugaban masu jinya, ungozomomi, ɗalibai masu istaji, wato koyon aiki. Na yi bayanina. Da muka iso kan dosiye na ƙarshe, Furofesa ta ɗaga zanen bugun zuciyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a shigo da matar.

Daga benci zuwa ƙofa bai fi taku goma ba. Sau biyu Inna ta tsaya ta dafa bango. Ni a baya ban ga wannan ba, don kullum a zaune nake tarar da ita, kaina a kan takarda.

Furofesa ta jawo kujera kusa da ita, ta gaishe ta da Dandanci, yaren yankin, sannan ta koma Hausa.

"Yaya, akwai bene a gidanku?"

"Bene? A Tanda? Sai dai rumbu, shi ma tun bara na bar hawa."

Majo ya yi tari irin na ɓoye dariya.

"Daka fa?"

"Ƴata ke yi. In na ɗaga taɓarya sau biyar sai in ga duhu."

"Salla?"

"A zaune. In na yi sujada numfashi ke tsayawa."

"To me ya hana ki gaya wa likita?"

"Bai tambaye ni ba. Bene ya tambaye ni, ni kuma ba na ƙarya."

Ɗakin ya fashe da dariya. Na rasa inda zan kai idona sai kan takalmina.

Abin da ya sa har gobe nake girmama Furofesar nan shi ne ba ta yi dariya ba. Ta kira ni gefenta ta ɗora yatsa kan zanen. "Ɗana, dubi faɗin nan. Saƙon bugun yana makara kafin ya kai ɓangaren hagu. Mace ce, kuma ba toshewar jijiya ta lalata zuciyar ba. Irinsu sun fi amsa na'urar. Ba zan rantse maka ba, wasu ba sa amsawa, amma in akwai wadda zan sa wa rai, ita ce." Ta karɓi bik ɗin da nake rubutu da shi ta soke jimlata, ta mai da dosiyen sama. "Aikinka yana da tsabta. Ɗaga kai kawai ya rage maka."

An kai Inna Yamai an dasa mata. Bayan wasu watanni ta zo kontorol don a sake duba ta, zufa na zuba, ƴarta na biye tana mita: wai ta ƙi hawa kabu-kabu, da ƙafa suka zo tun daga tasha. Ba zan ce ta warke ba, har yanzu tana kan magani. Amma a tsaye ta yi azahar a farfajiyar asibiti, ina leƙenta ta taga kamar ɓarawo.

Abin da na koya, in har na koya, shi ne mutanenmu ba sa yi wa likita ƙarya. In ka yi musu tambayar wauta, za su ba ka amsar gaskiya cikin ladabi, su bar ka da wautarka ka sa mata hannu.